Na'urar da ke duba faifan silikon: wane suna za mu ba ta a takardar kwastam?

Jama'a, ina neman mu tsaida magana ɗaya kan sunan na'urorin da ake shigowa da su don duba semikwandakta. Na ga ana rubuta "injin binciken semikwandakta", kuma ban yarda da shi ba.

Shi kansa semikwandakta a bar shi yadda yake. Masu son a ce "rabin mai wuce da wuta" sun kauce, domin ba rabin wuta yake wucewa da ita ba. Abu ne da ake iya sarrafa shi ya buɗe wa lantarki hanya ko ya toshe. Shi kuma siririn yankan silikon mai da'ira da ake zana dubban da'irorin lantarki a kansa, wanda manyansa ke kai milimita 300 a faɗi, "faifai" ya dace da shi sarai.

Inda gizo ke saƙar shi ne "bincike". A bakin duk mai fiton kaya, bincike aikin jami'in kwastam ne: a buɗe kwantena, a zazzage, a ƙirga. Ka rubuta "injin bincike", sai a zaci na'urar haska kaya ce ta tashar jirgi. "Tantancewa" ma ta yi faɗi da yawa.

Ga abin da ya sa na damu. Jadawalin HS, wato tsarin lambobin kaya na Hukumar Kwastam ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988, lamba shida yake ba kowane kaya, kuma bisa aikin na'ura yake rarrabawa. Injin da ke ƙera faifan ko ya zana shi yana ƙarƙashin 8486, layin da aka buɗe a gyaran 2007. Na'urar da ke haska faifan, tana neman ƙwayar ƙura ko karce ko layin da ya karkace, tana 9031.41. Wadda kuma ke ɗora siraran allurai a kan faifan, ta tura wuta ta auna amsar da ta dawo, tana 9030.82. A masana'anta ɗaya suke, kafaɗa da kafaɗa, amma biyun ƙarshe Babi na 90 na jadawalin, na kayan awo da gwaji, suka nufa, domin bayanin Sashe na 16, wato sashen injuna, ya fitar da kayan Babi na 90 daga cikin injuna. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar kayan fasahar sadarwa ta 1996 harajin irin waɗannan kaya galibi sifili ne, amma a sauran wurare lambar ce ke yanke abin da za a biya, kuma kuskurenta kan jawo riƙe kaya ko tara.

Don haka ga shawarata. Ta farko "injin ƙera semikwandakta". Ta biyu "na'urar duba aibin faifai da haske". Ta uku "na'urar gwajin lantarkin faifai". Na zaɓi "aibi" da gangan, saboda na'urar ba ta gyara komai, ba ta ƙara komai a jikin faifan. Nuna tabo kawai take yi.

Na san sunan ya yi tsawo. A hira a ce "maduba-aibi", ba laifi. A takarda dai a rubuta shi cikakke, har da "da haske", don ita ce ke raba 9031 da 9030.