Wa ya taɓa hawa Hawan Kibo da keke?

Ɗan Bukuru:
Salamu alaikum jama'a. Ina so in sauka daga Bukuru kusa da Jos ta Mararraban Jama'a da Riyom har Assop Falls, magangarar ruwan nan da ke gindin Hawan Kibo, in juyo in hauro a rana ɗaya. Kekena na tsere ne mai siririyar taya, zai iya kuwa?

Mai Giya:
Wa alaikumus salam. Zai iya malam, amma gangarar ta fi ba ni tsoro. Ga kwana ga tireloli da tankoki, wani birkinsa ya ɗau zafi ya ƙi ci, kai kuma kana gefen titi ba wajen kaucewa. Ka duba robar birkinka kafin ka fita, kar ka matse shi gaba ɗaya, kana kamawa kana saki. Hular kwano dole.

Baban Ummi:
Gaskiya ne. Ni dawowar ce matsala, Jos tana sama da mita 1,200 a tudu, duk abin da ka gangara sai ka biya shi da ƙafa, kuma can ƙasa wajen ruwan zafi ya fi na sama sosai. Ka sa ƙaramar giya tun daga gindin hawan ka riƙa murzawa a hankali, in ka tashi tsaye da wuri cinya za ta ƙage tun ba a je ko'ina ba. Ka riƙe gora biyu da famfo da kayan faci.

Ɗan Bukuru:
Na gode ƙwarai. Wane lokaci ya fi?

Mai Giya:
Bayan asuba in gari ya ɗan waye, da rani. Da damina hazo kan rufe saman kuma kwalta santsi. Ku tafi ku biyu ko uku don Allah, in Asabar ce ma ka yi min magana mu je tare.