Baba zai zo Berlin, ina da ina zan kai shi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Mahaifina zai zo bikin kammala karatuna a Leipzig wata mai zuwa in sha Allah, kuma ina so kafin ya koma in kai shi Berlin ya ga gari. Ni kaina ban san ko'ina a Berlin ba in ban da babbar tashar jirgi. Tsohon malamin makaranta ne, yana son tarihi sosai, sai dai gwiwa na damunsa, ba ya doguwar tafiyar ƙasa. Ina ya kamata mu je? Sannan motocin nan masu bene na 'yan yawon buɗe ido, sun kai kuɗinsu kuwa?

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sa wa karatu albarka ya kawo Baba lafiya.

Kawu na Wedding: Amin. Ɗana kar ka ba kowa kuɗinka a banza. Ku hau bas mai lamba 100 daga tashar Zoo, tikitin gari na yau da kullum kawai, ita ma sau da yawa mai bene ce. Za ta bi da ku ta cocin nan da bam ya fasa wa kai a 1943 aka bar shi haka don tunawa, ta wuce dogon ginshiƙin nan mai mutum-mutumin zinare, fadar shugaban ƙasa, majalisa, ta miƙe babban titin Unter den Linden har dandalin Alexanderplatz. Baba na zaune yana kallo. Inda ya yi masa ku sauka.

Bazazzagi: Ai ko ba ka faɗa ba Kawu, Bakano ne fa, da ma neman inda ba a biya yake 😂

Ɗan Fagge: Zage-zagi an fara ke nan. Kawu na gode.

Abu Sadik: Tunda an ambaci majalisa bari in yi magana, don har yau abin na ci mini rai. Bara surukaina suka zo daga Kaduna, na shiga intanet na ga wani kamfani na tallar wai zagayen unguwar gwamnati haɗe da hawa ƙubbar gilashin nan ta saman Reichstag, wato ginin majalisar, hoton ƙubbar ma suka sa a gaba ƙato, na biya mana mu duka kusan yuro talatin talatin. Muka je, wani saurayi ya yi ta jan mu a ƙafa cikin sanyi yana zuba surutu da sauri, surukata ba ta jin ko kalma ɗaya, da muka iso ƙofar shiga sai ya ce to shi nan aikinsa ya ƙare, wanda ya yi rajista ya shiga. Wace rajista? Masu tsaro suka duba babu sunanmu, kuma su ba laifinsu ba ne, ƙa'ida ce. Na kira kamfanin ba sa ɗauka, na rubuta musu suka ce wai an rubuta a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Surukina dattijo yana tsaye da babbar riga iska na kaɗa shi, wallahi ranar ban san inda zan sa fuskata ba.

Alhali shiga wurin nan KYAUTA ne. Ka shiga shafin majalisar da kanka, Bundestag, ka sa sunanka da na Baba da ranar haihuwa daidai yadda suke a fasfo, ka zaɓi rana da lokaci, su turo maka takarda. Ka yi da wuri don lokacin zafi gurbi na ƙarewa. Ranar ku riƙe fasfo, ana bincike kamar na filin jirgi. Kuma maganar gwiwa kar ka damu, lif ne zai kai ku har rufin, cikin ƙubbar kuma babu matakala, hanya ce mai lanƙwasa tana hawa a hankali, in ya gaji ya tsaya. Daga baya na koma da iyalina, kana sama kana hango kujerun 'yan majalisa a ƙarƙashinka ta gilashi, ga gari gaba ɗaya a shimfiɗe. Ginin tun 1894 yake, ya ƙone a 1933 wata ɗaya bayan Hitler ya hau, ƙubbar ta yanzu a 1999 aka buɗe ta. A cikin ginin ma har yanzu akwai rubuce-rubucen da sojojin Rasha suka yi a bango a 1945, ba a goge ba, amma wannan sai masu zagayen ciki.

Sannan a Ƙofar Brandenburg, in wasu suka tare ku da takarda a kan katako wai ku sa hannu don taimakon kurame, kar ku tsaya, hannu ɗaya na riƙe da biro ɗayan na neman aljihu. Haka masu wasan ƙwallo a ƙarƙashin ƙananan akwatuna uku a bakin titi, duk waɗanda ka ga suna ci mutanensu ne.

Maman Iman: Innalillahi. Allah ya isa kawai.

Ɗan Damagaram: Haka aka yi ma wani abokina, amma shi wajen tikitin hasumiyar talabijin.

Bazazzagi: Hasumiyar kam ta kuɗi ce. Mita 368, tun 1969, in sama ta yi garau ya cancanta. In akwai hazo asara ce.

Malama Hadiza: Ni dai a ganina tunda Baba malamin makaranta ne, akwai wurin da ya fi hasumiya da ƙofa muhimmanci a gare shi, kuma ba nisa daga Ƙofar Brandenburg. Titin Wilhelmstrasse. Nan ne fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan lokacin, take a da, lamba 77, inda aka yi Taron Berlin daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885. Ƙasashe 14 suka zauna a kan maganar Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ginin babu shi yanzu, gidajen zama ne na zamanin Jamus ta Gabas a wurin, sai wani allo mai bayani a tsaye bakin hanya wanda in ba ka sani ba za ka wuce shi. Na tabbata Baba ya koyar da wannan taro a aji ko ya karanta shi. Ranar da na fara tsayawa wurin na daɗe ban motsa ba, mutane na wucewa da kekunansu da karnukansu.

Ɗan Damagaram: Wurin da suka raba mu da ku ke nan, suka sa ruwla suka ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina.

Malama Hadiza: Yayana ba a nan aka ja wannan layin ba. A Berlin ƙa'idojin wawason suka shimfiɗa, wato duk wanda ya kama wani yanki na gaɓar teku ya sanar da sauran kuma ya nuna yana da iko a wurin, da maganar zirga-zirga a kogin Kwango da kogin Kwara. Iyakarmu da ku Ingila da Faransa ne suka yi ta tsakaninsu daga baya, 1890 suka ja daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, suka sake gyarawa a 1898, da 1904, da 1906, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram.

Ɗan Damagaram: To ai duk ɗaya ne Malama, wanda ya buɗe ƙofa shi ya shigo da ɓarawo.

Malama Hadiza: Ban musa ba. Amma in Baba ya tambaya a faɗa masa daidai.

Alhaji Kumasi: Malama ta yi gaskiya. Kuma tun kafin Bature Maraɗi da Katsina ba a ƙarƙashin sarki ɗaya suke ba, tun bayan jihadi.

Ɗan Damagaram: Alhaji wannan rigimar cikin gida ce, ba a tambayar mutum takarda in zai je kasuwar Jibiya a lokacin.

Kawu na Wedding: Ku bar wannan haka. Ɗana in kun sami sarari ku zo unguwarmu Wedding, nan ma tarihi ne. Titunan sunayensu Togo, Kamaru, Ghana, Zanzibar. Dandalin da ke da sunan Nachtigal, Bajamushen nan da ya je wurin Shehun Borno a Kukawa daga baya kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884, an canza masa suna a 2022, yanzu Manga Bell ne, sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a 1914. Mun je ranar da aka cire allon. Ku zo ku ci tuwo a gidana daga nan.

Ɗan Garwa: Kawu Allah ya saka. Ni kuma zan ce Humboldt Forum, fadar nan da aka sake ginawa daura da babban coci, yanzu gidan tarihi ce. Karagar Sarkin Bamun tana ciki, wadda aka yi mata ado da duwatsun wuya da wuri, Sarki Njoya ya aika wa sarkin Jamus a 1908. Su suna cewa kyauta ce, mu a Kamaru mun san irin kyautar da ake yi wa mai bindiga. Akwai lif, akwai wurin zama, ya dace da dattijo.

Bazazzagi: Tagullan Benin ma suna nan ko an kwashe?

Malama Hadiza: A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakarsu, na Berlin kaɗai sun haura 500. An kai wasu Abuja a Disambar shekarar, wasu kuma suna nan a matsayin aro.

Bazazzagi: Ni fa gaskiya gara su zauna nan, an fi kula da su.

Ɗan Garwa: Haba malam. A sace maka kaya a 1897 sannan a ce ɗakinka na yoyo don haka ba za a ba ka ba?

Bazazzagi: Ka taɓa shiga gidajen tarihinmu ka ga yadda suke?

Ɗan Garwa: Sai a gyara ɗakin, ba a bar wa wani kayan ba.

Maman Iman: Don Allah ku yi haƙuri, yaro tambaya ya yi. Ɗan Fagge ka lura, gidan tarihin Pergamon mai ƙofar Babila shuɗiya a rufe yake tun Oktoba 2023 ana gyara, kar ka sa wa Baba rai. Na kusa da shi, Neues Museum, a buɗe yake, nan sassaƙen kan sarauniya Nefertiti ta Masar yake, ba a ɗaukar hoto a ɗakinta. Kuma yawancin gidajen tarihin da ke tsibirin da waɗannan biyun suke ba sa buɗewa ran Litinin.

Alhaji Kumasi: Ba wanda ya ambaci katangar da ta raba Berlin Gabas da Yamma? Mutum ya zo Berlin bai ga katanga ba ai bai zo ba.

Abu Sadik: East Side Gallery kowa ke zuwa, kilomita 1.3 na ragowar katangar da aka yi wa zane-zane, amma tafiya ce a ƙafa ga cunkoso, ba ta Baba ba ce. Ku je Bernauer Strasse, kyauta ne, nan ne za ka gane yadda abin yake da gaske, katanga biyu ce da fili a tsakani da hasumiyar masu gadi. An fara ta 13 ga Agusta 1961, a titin nan mutane sun riƙa dirowa ta tagogin bene don gidan na Gabas ne amma bakin titin na Yamma. Akwai hotunan waɗanda suka mutu, aƙalla mutum 140 kafin ta faɗi 9 ga Nuwamba 1989. Checkpoint Charlie kuwa, tsohon shingen tsallakawa tsakanin Gabas da Yamma, ɗan ɗakin da ke tsakiyar titi kwaikwayo ne, ba na asali ba, in kun wuce ta nan ku kalla ku yi gaba.

Malama Hadiza: Na manta, Baba mutumin Kano ne ko? Kabarin Heinrich Barth na Berlin, Bajamushen matafiyin nan da ya shiga Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta labarin kasuwa da marina da saƙa. Ya rasu a 1865, yana maƙabartar da ke kusa da tashar Mehringdamm.

Ɗan Damagaram: Gidan da ya sauka a Agadas har yanzu ana nuna wa baƙi.

Ɗan Fagge: Kai, wannan zai yi wa Baba daɗi, yana yawan ambaton Barth. Sallar Juma'a fa? Da abinci?

Kawu na Wedding: Masallacin Shehitlik na Turkawa a Columbiadamm, mai hasumiya biyu, a cikin tsohuwar maƙabartar Musulmi yake wadda ke nan tun 1866. Ku je da wuri yana cika. Bayansa tsohon filin jirgin Tempelhof ne da aka mayar wurin shan iska. Daga nan Sonnenallee ba nisa, titi ne na Larabawa, gasasshen kaza, shawarma, duk halal.

Maman Iman: Kuma kar wani ya ce muku ku ɗanɗana currywurst don shi ne abincin gari, yawanci alade ne, sai ka tambaya.

Bazazzagi: Tikitin takarda a buga shi a ɗan akwatin nan kafin a hau jirgi, in ba haka ba yuro 60 ne. Bakano zai suma.

Ɗan Fagge: 😂 Allah ya shirye ka.

Alhaji Kumasi: Ɗana tunda Baba na tahowa, ko zai riƙo mana ɗan kilishi?

Abu Sadik: A'a Alhaji, kar ku ja wa dattijo matsala. An hana shigo da nama da madara daga wajen Tarayyar Turai, ko busasshe ne, in kwastan suka gani za su karɓe kuma ana iya cin tara.

Alhaji Kumasi: Ai mutane na shigowa da shi kullum.

Abu Sadik: Wanda ba a buɗe jakarsa ba ke nan. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji dai na san ana kawowa.

Maman Iman: In da wuri a jakar ni daddawa nake so, ta Kano, a ƙulle ta sosai a leda biyu saboda wari.

Ɗan Garwa: Ni ma a sa ni a layin daddawa.

Ɗan Fagge: Toh, bari in tambayi Umma kilo nawa ya rage masa.