Tafkin Colchuck ni kaɗai, zuwa da dawowa a yini guda

Baƙon_Siyatil: Assalamu alaikum. Ina son hawa dutse zuwa Tafkin Colchuck, kusa da garin Leavenworth a jihar Washington ta Amurka, cikin Agusta, ni kaɗai. Me zan shirya?

Mahayin_Dutse: Wa alaikumus salam. Zuwa da dawowa kusan kilomita 13 ne, hawan kuma wajen mita 700. Rabin ƙarshen ke cin gwiwa, duk duwatsu da saiwoyi. Sammako za ka yi, Malam, don wurin ajiye motoci kan cika da sassafe. Mota na buƙatar Northwest Forest Pass, wato takardar izinin ajiye mota, takardar izinin yini ta masu tafiya a ƙafa kuwa kyauta ake cike ta a bakin hanya.

Yar_Tsauni: Babu sabis a can. Sauke taswira a waya, ka faɗa wa wani lokacin dawowarka. Riƙe ruwa lita 2 da matacin ruwa. Na rafin garau yake a ido, amma yakan ɗauki ƙwayar giyardiya mai sa gudawa. Kar ka manta fitilar goshi da rigar sanyi.

Mahayin_Dutse: Af, awakin dutse na bin gishirin fitsari, sai ka yi a kan dutse nesa da hanya. Mashigin Aasgard, wata hanya mai wuyar hawa tsakanin duwatsu da za ka hango bayan tafkin, bar shi sai wata rana.