Farantin Talla da Ajin Makaranta: Musayar Baitoci

Jikar Jaji, Asabar da hantsi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Shekara uku ke nan da matan unguwarmu, a wani gari na ƙasar Zazzau, suka kafa adashi domin kada yarinyar da ta gama firamare ta tsaya a nan, kuma a kan wannan aiki nake so mu yi musayar wannan mako. Babban amsa-amonmu shi ne "ta".

Da sunan Allahu nake farawa,
Mai ba bayi ilimi da baiwa,
Ya ba ni basira ta tsarawa,
In waƙe karatun 'yan mata.

Mun kafa adashi a unguwarmu,
Ran Juma'a muke zuba kuɗinmu,
Ba ma kwasa don ankon bikinmu,
Sai don littafi da kayan makaranta.

Yarinya ta gama aji shida,
Sai a ce ta zauna cikin gida,
Ko ta ɗau farantin gyaɗa,
Ta yini tasha, ba mai tausayinta.

Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru,
Jaji da malfa, mata sun taru,
Ƙauye da birni duk sun ƙaru,
Wa zai ce baƙo ne ilimin mata?

Baffa Mai Kanti, Asabar bayan La'asar:

Wa alaikumus salam, Malama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, amma ga abin da idona yake gani a Kano.

Malama, na ji duka zancenki,
Wata in ya ƙare akwai albashinki,
Ba ki san tukunyar maƙwabciyarki,
Farantin nan ne ke ɗora ta.

An ce kyauta, mun ce madalla,
Kuɗin inifom ya sa mu ƙwalla,
Na mota kullum sai an yi talla,
To ina kyautar da ake ambata?

Gado da katifa, kwanuka da jere,
Wa zai saya in biki ya ƙure?
Uba na gona, rumbu ya ƙare,
Uwa ke tara kayan ɗakin 'yarta.

Na Dabo, Asabar bayan Magariba:

Allah ya ƙara basira, Baffa. Baiti uku kawai ka yi, amma ka rufe bakin masu alli. Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka.

Ungozomar Katsina, Asabar da dare:

Baffa, da girmanka, ba zan bar wannan lissafi ya wuce ba. Na daɗe ina karɓar haihuwa, kuma na raka mata da yawa zuwa asibitin Babbar Ruga da ke nan Katsina, inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki. Mafi yawan waɗanda na raka, doguwar naƙuda a gida ce ta jawo musu, domin kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje.

Baffa, ka iya lissafin kwano,
Taho Babbar Ruga ka gano,
'Yan mata daga Daura har Kano,
Kowace riƙe da 'yar robarta.

Kwana uku tana kan gwiwa,
Ƙugu bai ƙosa da haihuwa,
Ɗan bai zo da rai ba, ga damuwa,
Gado na nan, miji ya sake ta.

Wadda ta yi aji tara ta san awo,
Ta san ranar da za ta dawo,
Ta san kumburin ƙafa ciwo,
Ba ta jira sai jijjiga ta kama ta.

Ina ƙara tunatar da iyaye cewa tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta a Nijeriya, kuma yarinyar da ke aji ta fi sauƙin samu a kan wadda take yawo da faranti a ka.

Korau, Asabar da dare:

Na Dabo, ina kake? Katsina ɗakin kara ta amsa, sai ka kawo giwar taka ta ɗauki wannan kaya.

Malam Mai Arulli, Lahadi da asuba:

Ina yi wa kowa fatan alheri, amma zauren waƙa ne wannan, dole a faɗi gyara. Ɗiyata Jikar Jaji ta haɗa "shida" da "gida" da "gyaɗa" a amsa-amo ɗaya, alhali "da" daban, "ɗa" daban, sannan ta maimaita "taru" sau biyu a baiti guda. Ita kuwa ɗiyata Ungozoma, a baitinta na uku ɗangon farko da na ƙarshe gaɓa goma sha biyu-biyu ne, na tsakiya kuma tara-tara.

Baiti gini ne, kari tushensa,
In ɗango ya zarce ɗan'uwansa,
Kunne zai ji tun kafin ƙarshensa,
Ku daidaita kafin ku rubuta.

Ungozomar Katsina, Lahadi da safe:

Malam, kana auna gaɓar baiti,
Ni ina auna jini a asibiti,
Wadda ta suma da talla a titi,
Wane kari ne zai tashe ta?

Na Dabo, Lahadi da safe:

Malam ya yi gaskiya, kuma da ma na ji baitin yana ɗingishi. A duba na Baffa a gani ko akwai inda ya karye.

Korau, Lahadi da safe:

Akwai mana. Ɗangon "Uwa ke tara kayan ɗakin 'yarta" gaɓa goma sha ɗaya ne, wanda ke gabansa kuwa goma ne, amma da yake na gida ne ba ka ƙirga ba.

Malam Mai Arulli, Lahadi bayan Azahar:

Ɗiyata Ungozoma, ban raina aikinki ba, kuma abin da kika bayyana ya taɓa ni ƙwarai. Dalilina shi ne wannan: Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma jajin, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru da take naɗa wa malfa, a kan kari suke haddace darasi su kai wa matan ƙauye, waɗanda da yawansu ba su karatun takarda. Da baitocin sun karye, da ba su zauna a ka ba, balle su kai ƙauye. Idan kina so gargaɗinki a kan jijjiga ya kai ga uwar da ba ta da waya, to ki auna shi yadda za a iya rera shi a bakin turmi.

Ɗan Damagaram, Litinin da dare:

Ku gafarce ni, na kwana biyu ba ni da layi, na tarar an bar yarinya a tasha ana ƙirga gaɓoɓi. Zan koma kan Baffa. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su kuma jawo hankalin 'yan'uwansu maza. A watan Disamba na 2017 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace har zuwa shekara 16. Doka dai takarda ce, amma zaman maza na gani da idona yana sauya gida.

Baffa, ka ɗora kaya kan uwa,
Kai kana inuwa kana hutawa,
A Damagaram maza ke zaunawa,
Su ɗau nauyin lafiyar mata.

In uba ya ce 'yarsa ta je aji,
Wace uwa ce za ta ƙi ji?
Kuɗin shayinka da naman kaji,
Ya isa ya sai mata littafinta.

Baffa Mai Kanti, Talata da safe:

Ɗan Damagaram, ka zo da latti,
Ka ɗauka kuɗi na cike akwati,
Mutum tara ke ci daga ɗan kanti,
Biyar mata ne, duk suna makaranta.

Ba don kaina na yi magana ba. Akwai maƙwabciyata da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ita ke matsar mai ta soya ƙuli-ƙuli, babbar 'yarta ta kai bakin tasha, kuma sai yarinyar ta dawo da ciniki ake auno garin tuwon dare. Wannan gida babu uban da zai zauna a makarantar mazaje. Malama, idan yarinyar ta tafi aji, wa zai auno garin?

Jikar Jaji, Talata bayan Isha'i:

Na karɓi gyaran Malam, na gode. Baffa kuma, ga amsarka.

Baffa, tambayarka ita ce tamu,
Da ita muka buɗe zaman farkonmu,
Uwa muke ba jari daga asusunmu,
Mai shago ya sari ƙulinta.

Mun gyara ban-ɗaki mun sa ƙofa,
Mun kai randa da buta mun kafa,
Don kwana biyar na wata kan jefa
Yarinya gida, ta rasa darasinta.

Ba na ɓoye maka cewa ribar sari ba ta kai ta talla ba, shi ya sa wasu iyaye suka karɓi jarin wata biyu suka mayar da yaransu tasha. Waɗanda suka daure, mun haɗa su da masu shago uku a bakin hanya, mun kuma ɗauki ɗinkin inifom da ƙunzugun da ake wankewa a sake amfani da shi, wata tela a cikinmu ke ɗinkawa. Zaman da 'yan matan ke yi da yamma tare da wata yayarsu mai koya musu karatu, lissafi da tsaftar jiki, a wurin Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya muka ga samfurinsa. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 aka fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Kaduna da Katsina, yana gyara azuzuwa yana ba iyaye tallafi, sai dai shiri yana da ranar ƙarewa, don haka ba mu daina zubi ba.

Baffa Mai Kanti, Laraba da hantsi:

Zan sari ƙulin maƙwabciyata daga wannan Juma'a, in ga ko lissafin zai fita. Amma saura guda, Malama, kuma a hannunku mata take.

Ƙulin na ɗauka, zan sa a kanti,
Saura gasar jere da akwati,
Ku ne ke leƙa ɗaki ku ƙirga faranti,
Ku yi wa amarya gorin uwarta.

Malam Mai Arulli, Laraba bayan Azahar:

Baffa, ɗangonka na uku gaɓa goma sha uku ne, a rage masa. Jikar Jaji, batun jere yana jiran amsarki.