Neman shawara: Miele, Bosch ko Smeg? Kafinta yana jirana

Daga wata 'yar'uwa, ta ce a sakaya sunanta. Tunatarwa kamar kullum: wadda kayanta suka ba ta matsala kada ta kama sunan kamfani ko shago.

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Shekararmu goma sha ɗaya a gidan haya, kicin ɗin kuwa idan na buɗe firij sai wadda ke bayana ta fita waje. A tsakar gida nake jajjage, a falo nake ajiye buhun shinkafa, baƙi su zo suna kallo. Maigida ya fara gini a nan Kano tun 2019, korona ta zo aiki ya tsaya, da aka dawo kuma siminti ya tashi, har filin da na gada na sayar na zuba a ciki, ban faɗa wa kowa a gidanmu ba sai Yayata. Shi ya sa da aka zo kan kicin ya ce wannan nawa ne, in zaɓi abin da raina ke so. Bara na je suna gidan facalata a Abuja, na ga kicin ɗinta komai a cikin bango, ba ka ganin firij sai an ja ƙofar katako. Wallahi ba hassada ba ce, amma tun ranar abin bai bar raina ba.

Yanzu kafinta ya riga ya yanka ramukan oben da injin wanke kwanuka, santimita 60 kowanne, ya ce ba zai ci gaba ba sai na kawo masa lambar kayan. Ƙanwata tana Ingila, ta ce za ta saya a can ta sa a kwantena tare da kayan wata. Ina son oben, murhu mai gilashi, firij na cikin bango, injin wanke kwanuka da mazuƙin hayaki. Tsakanin Miele, Bosch da Smeg wanne ya fi? Waɗanda suke amfani da su nake son ji daga bakinsu, ba waɗanda suka gani a waya ba.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Amma ba ki gaya mana nawa kika ware ba, ba ki kuma ce komai kan wutar unguwar ba.

Hajiya Umma: Miele, 'yata. Magana ta ƙare. Shekara shida na yi a Jamus lokacin da Alhaji ke karatu, na san abin da nake faɗa. Kamfanin nan tun 1899 yake, hedikwatarsa a garin Gütersloh, kuma har gobe yana hannun iyalai biyun da suka kafa shi. Su da kansu suke cewa suna gwada kayansu daidai da aikin shekara 20. Oben ɗina da shi na dawo, na aurar da 'ya'ya biyu, duk kek da gashin kajin bikin a cikinsa aka yi, ƙofarsa har yau idan kika rufe sai ki ji ta zauna lif kamar ta sabuwar mota. Bosch kuma kada wani ɗan shago ya ruɗe ki. Bosch da Siemens da Neff da Gaggenau duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kamfanin BSH, farashi da ado ne suka raba su. Kaya ne masu kyau, idan kuɗin Miele ya yi miki yawa su ne na biyu. Smeg 'yan Italiya ne, sun iya kwalliya babu musu, amma ban taɓa girki da shi ba. Mai arha shi ke sayen abu sau biyu.

Uwar Biyu: Hmm. Ni dai an ce kar a kama suna, to ba zan kama ba. Injin wanke kwanuka na saya mai tsadar gaske, daga Dubai aka kawo min. Wata bakwai yana aiki, rannan aka kawo wuta da ƙarfi tsakar dare, da safe na danna shiru. Mai gyara na farko ya kwance shi ya kasa mayarwa. Na biyu ya ce allon cikinsa ne ya ƙone, sai an yi oda. Na ɗauko takardar garanti, ashe garantin na ƙasar da aka saya ne. Yau wata takwas, kin san me nake ajiyewa a ciki? Ledoji da murafen kula. Kuma duk sanda muka samu saɓani da Baban Biyu sai ya ce "kamar injin nan naki", mutumin da ya sayi mota ta shekara a gareji ban taɓa ce masa uffan ba.

Amaryar Bana: Anti ai maza haka suke, nasu kuskuren ƙaddara ce, naki kuwa almubazzaranci. Ni blanda kawai na ƙona, har Hajiyarsa sai da ta ji.

Mai tambaya: Na gode. Amma Uwar Biyu ke a Dubai kika saya, ni daga Ingila ne, kuma ƙanwata ta san kaya. Batun kuɗi ba matsala ba ce, akwai abin da na tanada.

Anti Injiniya: 'Yar'uwa, ko daga ina ne ki tambayi inda garantin yake aiki kafin a biya, a rubuce. Abu ɗaya da ya yi miki daɗi shi ne wutar Ingila irin tamu ce, bolt 230, filogi ma iri ɗaya. Da Amurka ce da na ce ki tsaya, don tasu 120 ce, shi ya sa masu kwaɗayin kayan kicin na Sub-Zero da Wolf daga can sai sun yi lissafin taransifoma.

Sunan kamfani ba shi ne farkon abin dubawa ba. A jikin kowane firij akwai 'yar takarda mai harafin yanayin da aka ƙera shi domin sa. Mai N iyakarsa zafi digiri 32, mai ST 38, mai T kuma 43. Ke kin san Kano a watan Afrilu, waje ma ya haura 40 balle kicin da ake girki. Firij na cikin bango kuma a akwatin katako yake zaune, idan kafinta bai bar masa hanyar iska ta ƙasa da ta sama ba, kwamfuresa ba za ta huta ba. Ki tambaye shi ko ya bar wannan hanyar. Sai murhu. Idan na gas ne, na Turai yawanci an saita shi kan gas ɗin bututu, mu kuwa na silinda muke da shi, dole a canza 'yan ƙananan hancin da gas ke fitowa, in ba haka ba wuta ta yi ja ta baƙanta miki tukwane. Ki ce wa ƙanwarki ta tabbatar suna cikin kwalin. Idan kuma mai gilashin da kike nufi indokshin ne, wato na lantarki mai zafafa tukunya da maganaɗisu, mai kai huɗu yana iya jan kilowat 7, oben kuma wajen 3. Wace wuta za ta ɗauke su?

Hajiya Umma: Duk wannan lissafin tsoratarwa ne. A sa stabilaiza babba a gida gaba ɗaya, shi ke nan. Ni haka na yi.

Anti Injiniya: Hajiya, da girmanki, stabilaiza tana daidaita wutar da ke akwai ne, ba ta kawo wadda babu.

Hajiya Umma: To wanda ya iya gina gida ai ya iya sayen janareta.

Maman Hanif: Ni shawarata daban ce, ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Ki sayi firij ɗin LG ko Samsung mai inbata a nan gida, wanda idan ya yi tari akwai wakilinsu da za ki kira. Nawa LG ne, garantin kwamfuresa shekara 10 aka rubuta, kuma sola ɗinmu na ɗaukar sa har asuba. Ki ƙara da firiza ta Thermocool ta kwance saboda naman layya. Ragowar kuɗin ki zuba a batir da farantin sola. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit na daina kunna oben na lantarki sai da dalili. Kina da Miele babu wuta, kina da kabad ne mai tsada.

Mai tambaya: Maman Hanif na gane, amma irin waɗannan ai su nake da su yanzu a gidan haya. Shekara goma sha ɗaya ina haƙuri, ba zan shiga sabon gida da abin da na baro ba. Kuma ramin firij an riga an yanka, na tsaye ba zai shiga ba. Maganar sola maigida ya ce daga baya.

Maman Hanif: "Daga baya" ɗin maza? Allah ya ba ki haƙuri.

Inna ta Zariya: Ni tambaya ɗaya gare ni, 'yar nan. Ku nawa ne a gidan, kuma kuna cin tuwo? Don na ga abin da ya faru a gidan ɗana. Matarsa ta sa murhun gilashin nan, na je na ɗora tukunyar dalma ta ƙi ko ɗumi, sai wani ƙara yake yi ƙit ƙit. Wai sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Aka kawo min wata 'yar tukunya mai hannu, na sa muciya zan tuƙa, yarinya ta riƙe min hannu wai Inna gilashi zai fashe. Tuwon mutum goma sha biyu a kan abin da ake lallaɓawa kamar ƙwai! Ƙarshe a bayan gida muka hura gawayi. Kuma tun daga ranar ba a ƙara ce min in zo in kwana biyu ba, ni ma ban nema ba.

Amaryar Bana: Inna ki yi haƙuri, wataƙila kunya ce ta hana ta.

Inna ta Zariya: Kunya? Wadda ta riƙe min hannu?

Hajiya Umma: Wannan ba laifin murhu ba ne, rashin tsari ne. Duk gidan da ya san abin da yake yi kicin biyu gare shi. Na ciki na uwar gida, na baya na tuwo da suya da 'yan aiki. Ni yarinyar aikina ko maɓallin oben ɗina ba ta taɓawa. Facalar taki ma da kin leƙa bayan gidanta za ki tarar da murhun gas na ƙarfe da tukwane baƙaƙe, a can ake ainihin girkin. Ki sayi Miele na ciki, ki sa mai walda ya yi miki na baya.

Mai tambaya: Mu tara ne har da Hajiyarsa, kuma ita kullum da dare sai tuwo. Kicin na baya babu, wurin ne aka yi mata ɗaki. Amma ai na ga ana sayar da wani faranti da ake ɗorawa a kan indokshin sai kowace tukunya ta yi.

Anti Injiniya: Akwai shi, amma yana cinye saurin da kika biya kuɗi dominsa, kuma bai hana nauyin tuƙi a kan gilashi ba. Mutum tara da tuwo kullum, ki nemi murhun gas mai faɗin santimita 90, kai biyar, mai mazaunin tukunya na baƙin ƙarfe. Bosch suna yi, Smeg suna yi, Miele ma suna yi. Oben ki bar shi na lantarki tunda an yanka ramin. Injin wanke kwanuka kuma ki duba ruwanki tukuna. Idan na burtsatse ne mai gishiri-gishiri, sai kina zuba masa gishirinsa na musamman, in ba haka ba kofuna su fito da fari-fari. Yana kuma son ruwa mai ƙarfi, tankin da bai yi tsayi ba sai an ƙara masa famfo.

Uwar Biyu: Da na samu mai gaya min haka da yanzu ledojina suna cikin buhu.

Maman Sultan: Ni Bosch gare ni, oben da injin wanki, shekara biyar lafiya lau alhamdulillah. Abin da ya sa na zaɓe shi ba wani ilimi ba ne, mai gyaran da na yarda da shi na fara tambaya wanne ya iya, wanne kuma yake samun kayansa a Legas. Ki yi haka kafin ki tura wa ƙanwarki ko sisi. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya yanzu kayan ɗakin 'yata ne, dangin ango sun aiko wai gidan "fitted" ne, mu za mu cika kicin. Yaushe aka fara haka don Allah? Mu da aka kai mu da risho da langa shida.

Hajiya Umma: Zamani ne, Maman Sultan. Amma mai gyara ba shi zai zaɓa min kaya ba. Abu mai kyau ba ya neman mai gyara.

Uwar Biyu: Haka ni ma na ce, Hajiya.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Gaskiya ramin murhun 60 aka yanka a dutsen, kuma dutsen ya ci kuɗi, ba zan ce a sake ba. Ni dai gilashin nake so saboda sauƙin gogewa, tuwon Hajiya ko a ƙaramin silinda sai a riƙa yi a baranda. Ƙanwata ta ce ragin da ake yi a shagon zai ƙare ranar Juma'a, ta riga ta ware oben ɗin Miele, firij kuma tana ganin na Smeg ya fi kyau a hoto. Yanzu tsakanin fari da ruwan toka wanne ba ya nuna datti?

Anti Injiniya: Wane harafi ne a jikin firij ɗin? Kuma har yanzu ba ki ce komai kan wutar unguwar ba.

Hajiya Umma: Ruwan toka.

Amaryar Bana: Anti mai tambaya, don Allah kafintan naki yana zuwa Kaduna?