Neman shawara: zanen balbela na fentin ruwa, in saya ko in bari?

Uwargida daga Yamai: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wani mai zane ya kawo min aikinsa biyu na fentin ruwa, wanda ake ce wa akwarel: balbela a bakin kogin Isa, da kuma gauraka. Na balbelar ne ya kwanta min a rai, amma maigidana ya ce ba a gama shi ba, wai jikin tsuntsuwar ko fenti babu. Yaya ake gane mai kyau? Kuma yaya zan san na hannu ne ba na inji ba?

Malamin zane: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaya wa Alhaji nan gwanintar take. A fentin ruwa ba a cika shafa fari ba, farin takardar ake bari. Mai zane yana zagaye balbelar da kalar ruwa da ta ciyawa har siffarta ta fito, kuma in hannu ya goce gyara sai an sha wuya, don kala ba ta rufe ta ƙarƙashinta. Ki duba ƙasan fiffike, ya kamata ki ga ƴar inuwa shuɗi-shuɗi. Na hannu yakan nuna sawun fensir, takardar mai kauri ce, kuma inda ruwa ya bushe gefen kalar yakan ɗan yi duhu. Ki kusanto shi da kyamarar waya: in kin ga ɗigo-ɗigo, bugun inji ne.

Ɗan Tabalak: Yaya, ni ban iya zane ba, amma a bakin tafki na tashi. Ki duba ko mutumin ya san tsuntsun. Balbela in ta tashi sama naɗe wuya take yi kamar zalɓe, gauraka kuwa miƙe shi yake yi. Masu kwafa daga hoton intanet nan suke tafka kuskure, ka ga jikin balbela da wuyan shamuwa!

Wata Inna: Ɗiyata, kada ki rataye shi inda rana ke bugawa, kalar kan koɗe. A sa shi cikin gilashi saboda ƙurar hunturu, da kwali a tsakani kada takardar ta manne. Ki hana yara goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Uwargida daga Yamai: Allah ya saka da alheri. Na duba, babu ɗigo, sawun fensir ma yana nan. Sai dai takardar ta ɗan lanƙwashe daga gefe. Malam, aibi ne?

Malamin zane: A'a Hajiya, aikin ruwa ne. Mai sa gilashi zai danne ta.