Furofayil ɗin da na haɗa da kaina yana jajanta fuska, a taimaka mini

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaina ya ɗaure, ko barcin kirki ban yi ba jiya. Shekara shida ina ɗaukar hoto, a da waje nake kaiwa a wanke mini, har na gaji da jin "ai haka injin ya fitar". Bara na yi ta tari na sayi firinta mai tawada takwas, na haɗa da na'urar auna launi. Na'urar hannu na biyu ce, amma mai ita ya ce bai taɓa ta sau goma ba, kuma na yarda da shi. Yanzu hotuna 36 na wasu dattawa ne a hannuna, iyalansu na jira ran Asabar. Na buga jadawalin launuka na gwaji, na auna shi da na'urar, na haɗa furofayil ɗin ICC, wato fayil ɗin da ke daidaita launi da firinta da takarda. Hoton farko da ya fito, fuskar tsohon ta yi jajir kamar mai zazzaɓi, baƙar rigarsa kuma ta dunƙule, ko layin ɗinki ba a gani, alhali a allon kwamfuta har maɓallai nake ƙirgawa. Sau uku ina sake furofayil. Takarda ta kusa ƙarewa.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi abu mafi muhimmanci ba: da me ka buga jadawalin? Jan fuska da toshewar duhu alamar gyaran launi sau biyu ce. Photoshop ya juya launi da furofayil ɗinka, direban firinta, wato manhajar da ke sarrafa ta a kwamfuta, ya sake juyawa da nasa. In ka ba Photoshop ragamar launi, dole ka shiga direba ka kashe tasa. Shi kuwa jadawali, ba a so kowa ya taɓa shi, tsurarsa zai fita. Tun Photoshop CS5 a 2010 aka cire zaɓin bugawa ba tare da gyaran launi ba, shi ya sa Adobe, masu Photoshop, suka fitar da manhajar Adobe Color Printer Utility don buga jadawali tsurarsa.

Mai tambaya: Da Photoshop na buga, Yaya, amma na bi wani bayani daki-daki, ban tsallake komai ba. Ba na jin a nan matsalar take.

Mai hoton yara: Ni dai tambayata tawada. Ta asali ce? Na taɓa sayen wadda ake ɗurawa don in rage kashe kuɗi, wata biyu ina zargin furofayil, ashe kan firintar ne ya toshe. Hotunan wata makaranta gaba ɗaya na sake bugawa daga aljihuna, har yau abin na ci mini rai. Ɗan'uwa, buga gwajin bututun tawada ka duba ko layi ya yanke. In shuɗi mai haske ba ya fita sosai, komai zai karkata zuwa ja.

Tsohon hannu: Hajiya, gwajin yana da kyau, amma ba shi ba ne. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Malam, awa nawa ka bar jadawalin kafin ka auna?

Mai tambaya: Kamar awa ɗaya. Na shafa da yatsa, ya bushe ƙarau. Tawadar ma ta asali ce, ban da baƙa guda ɗaya.

Tsohon hannu: Bushewa a yatsa daban, zaman launi daban. Tawada tana ci gaba da sauyawa bayan ta fita, shi ya sa ake barin ta kwana, awa 24. Kuma nau'in takardar da ka zaɓa a direba ranar buga jadawali, shi za ka zaɓa ranar buga hoto, don shi ke ƙayyade yawan tawadar da za a zuba. Ita wannan baƙar "guda ɗaya" kuma, ai ita ce rigar dattijon.

Ɗan koyo: A gafarce ni manya, ni allon nake zargi. Yawancinmu muna barinsa da haske fiye da kima, sai mu ga takarda ta yi duhu. Da na sauke nawa zuwa kandela 120 (ma'aunin ƙarfin haske), na kuma daina duba hoto ƙarƙashin ƙwan ɗaki mai rawaya, rabin kukana ya tafi. Hasken D50, wato kelbin 5000 a ma'aunin launin haske, shi ne ma'aunin duba bugu.

Mai bugun zane: Ba wanda ya tambayi takarda. In irin mai farin ƙal ce, akwai sinadarin ƙara haske a jikinta, na'ura na karanta ta da shuɗi-shuɗi. Ni shawarata, ka ajiye naka, ka sauke furofayil ɗin masu takardar ka fitar da aikin mutane. Gyara ya biyo baya.

Tsohon hannu: Wannan sinadarin, rawaya yake jawowa, ba ja ba. Kada a rikita shi. Ya sake jadawali ta hanyar da na faɗa, shi ke nan.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Amma komawa furofayil ɗin kamfani kamar na zubar da kuɗin na'urar ne, kuma allona sabo ne, ban ga dalilin taɓa shi ba. In na jira awa 24, Juma'a ta yi, takarda goma sha biyu ta rage mini. Ba yadda za a yi in ɗan rage ja a hoton kawai in buga haka?

Mai hoton yara: Gwajin bututun fa, ka buga?